Zabibin Yaya

Ni dai ban je Italiya yawon buɗe ido ba. Inji na je dubawa. Kamfanin fatar da nake wa aiki a Challawa ya yi cinikin wani tsohon injin aske fata a hannun wani dillali a can, kuma da yake an taɓa turo mana kwantena muka buɗe muka tarar da gwangwan, maigidanmu ya rantse ba zai sake saye ba sai wani nasa ya ga injin yana juyawa. Ni na fi kowa daɗewa a ƙarƙashin injinan nan, shi ya sa aka ce ni. Abokan aiki suka yi ta taya ni murna kamar an biya min Hajji. Ni kuwa tun a layin biza gajiyar ta fara kama ni.

Ranar da na je yi wa Inna sallama na tarar da ita a tsakar gida tana juya kuɓewar da ta shanya a tabarma. Idanunta sun yi rauni, da hannu take gane wadda ta bushe. Ta yi min addu'ar tafiya mai tsawo, har na fara laluben takalmina. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"An ce ƙasar da wancan yake za ka."

Wancan shi ne yayana, ɗanta na fari. Inna irin mutanen da ce, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. A wata masaƙa a Sharada ya yi aiki har aka rufe ta. Ya yi acaba, ya yi gadi a Bompai, ya ja adaidaitar wani, babu wanda ya riƙe shi. Wata rana ya bi ta Agadas, aka daɗe ba labari, sannan ya kira daga ƙetaren teku ya ce ya samu aikin gona. Ya riƙa aiko da abin da ya samu, gida ya ɗan numfasa. Ana nan sai wata maƙwabciyarmu ta shigo da waya a hannu tana murna, wai ta ga Yaya a bidiyo. Ga shi nan kuwa, ɗauke da kwandon inabi a kafaɗa, a bayansa manyan gangunan katako. Matar nan ta ce, "Ai Inna gonar giya ce, a can da inabi suke yin ta."

Daga ranar Inna ta daina karɓar wayarsa. Saboda kunyar ɗan fari da kowa ya san ta da ita, an daɗe kafin a gane fushi take yi. Matata ce ta fara lura, don Inna ta ce a riƙa raba mata tukunya, shinkafar da aka saya da aiken wancan ba za ta shiga cikinta ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, tukunya biyu a gida ɗaya, ga hawan jini yana cin ta a hankali. Abin da nake tsoro, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin, shi ne ta rasu ba su yi magana ba.

"Ka je ka gano min da idonka," in ji ta. "Abin da ka gani shi za ka faɗa min. Kar ka gyara min magana, na san halinka."

Na ce, "To, Inna. In Allah ya yarda."

Dillalin da ya tarbe ni wani dattijon Bature ne, gajere, mai fara'a, ba ya gajiya da magana. Injiniya yake kira na. Da muka je ma'ajiyarsa sai ga injin a tsaye amma babu wuƙaƙensa, wai an kai wasawa, sai bayan hutun ƙarshen mako za a dawo da su. Na yi hamdala a zuci, na ce ga damar neman Yaya. Ashe dattijon ya riga ya tsara min rayuwa. Ya ce ba zai yiwu baƙo ya zo tun daga Kano ya koma bai ga gaɓar tekunsu ba, garuruwan da ke can sun girmi kakannin kakanninsa. Ka san halin baƙunta, mutum ya ɗauko ka a filin jirgi, ya ciyar da kai, ba ka iya ce masa a'a. Kuma ina jin nauyin in gaya masa ina da ɗan'uwa lebura a ƙasarsa, wanda ko takardunsa ban tabbatar sun cika ba.

Haka muka ɗauki hanya a wata ƙaramar motarsa, gwiwoyina suna dukan gaba. Hanyar duk kwana ce, hagu, dama, ba ƙarewa. Garin farko a kan dutse yake, sai an ajiye mota a ƙasa a hau da ƙafa. Takalmin da matata ta sayo min don tafiyar sabo ne fil, kafin mu kai ƙofar garin ya riga ya ci min dunduniya. Lungunan ciki sun tuna min da cikin birni, ƙunci ɗaya, sai dai babu kwata babu akuya. Dattijon yana gaba yana nuni: wannan ganuwar wane ya gina, wannan cocin ya ƙone an sake shi, wannan rijiyar a nan mata suka ɓuya lokacin wani yaƙi. Sunayen suna shiga ta kunnen dama suna fita ta hagu. Muka shiga gidan tarihi, na tarar an jera tsingaro a cikin gilashi da fitila a kansa, irin wanda Inna ke zuba wa kaji ruwa. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa madalla.

Ba wai wurin ba shi da kyau ba ne. Yana da shi. Daga kan ganuwa kana hango teku shuɗi har iyakar gani, kuma daga gindin garin har bakin ruwa gonakin inabi ne a jere, layi-layi kamar kitso. Amma ni ba layin nake kallo ba. A tsakaninsu akwai mutane a sunkuye, da yawansu baƙaƙe, kuma duk wanda ya ɗago sai gabana ya faɗi.

Na raɓe gefe na kira Yaya.

"Yaya, ga ni a ƙasarku. Ina kake?"

"Injiniya manya! Ina nan gefen teku. Kaka ce, aiki ya yi mana yawa."

"Ƙasar nan ai duk gefen teku ce. Wane gari?"

Ya yi dariya, ya tambayi yara, ya tambayi matata, ya ce mai gona na kiransa, ya kashe. Na tsaya da waya a hannu raina a ɓace. Na gane gudu na yake yi, ya san wanda ya turo ni.

Gari na biyu na masunta ne. Tsofaffi suna zaune a bakin tasha suna ɗinkin koma, kwale-kwale masu fenti suna rausaya. A bayan garin akwai kaburburan wasu mutanen farko da aka ce maƙera ne, sun narka ƙarfe a bakin tekun har tokarsa ta binne makabartarsu. Wannan kam ya ɗan taɓa ni. Na tuna masaƙar su Yaya, yadda yanzu ciyawa ta fito ta tagoginta, da ruwan rinin da muke saki bayan kamfani. Su nasu an kewaye shi da waya ana biyan kuɗin shiga. Namu ko mai gadi ya gaji ya tafi.

Cin abinci ma aiki ne. Duk abin da aka kawo sai na tambaya ko da alade, dattijon ya tambayi mai kawowa, shi kuma ya koma ya tambayo mai dafawa. Ƙarshe kullum kifi da burodi da tumatir. Ana ajiye kwalbar giya a tebur kamar yadda muke ajiye ruwa, dattijon ya ɗauka zai zuba min, ya tuna, ya dafe goshi ya ba ni haƙuri, a gari na gaba ya sake mantawa. Alwala a bayan gidan shagon kofi nake yi, ƙafa ɗaya a cikin wurin wanke hannu, ina addu'ar kada wani ya turo ƙofa. Salla kuma a bayan mota, a kan kwalin da ya ba ni. Ya kan juya baya ya tsaya kamar mai gadina, wannan kam na yaba masa.

Washegari ya kai ni wata hasumiya a kan wani tsauni da ya kutsa cikin teku. Matakalarta a murɗe take, ga duhu, ga ƙafata ta kumbura. Da muka kai sama ina haki, ya nuna min wasu hasumiyoyin can nesa, ɗaya bayan ɗaya a bakin gaɓa. Ya ce a da masu tsaro ke kwana a kai, in sun hango jiragen mahara sai su kunna wuta, ta gaba ta gani ta kunna, har labari ya kai gari.

"Daga ina maharan ke zuwa?" na tambaye shi.

Ya miƙa hannu kudu yana dariya. "Daga wajenku, Injiniya!"

Sai dariyar ta tsaya masa. Na kalli ruwan, ba iyaka, na tuna a kansa Yaya ya ƙetaro a cikin kwale-kwalen roba, mutumin da ko kogin Challawa ba ya shiga in ya kawo. Na zauna a kan dutse na cire takalmin, ban damu da masu ɗaukar hoto ba.

Daga nan ya ce saura abu ɗaya, wurin wani abokinsa mai gonar inabi, gidan ya fi shekarun da zan iya ƙirgawa a hannun zuri'a ɗaya. Suka gangara ɗakin ƙasa inda gangunan giya suke, ni na ce zan jira a ƙofa. Wani tsami-tsami ke fitowa daga ciki, kamar gasarar da ta kwana biyu. Wanda ke aiki a kamfanin fata ba shi da bakin kushe warin wani, amma dai na matsa. Ina tsaye tarakta ta shigo da kwanduna cike da inabi, wasu samari biyu baƙaƙe suka fara saukewa suna juyewa a wani babban baho na ƙarfe. Na ga inda inabin ke shiga, na ga bututun da ke fita. Ba sai an yi min bayani ba, aikina ke nan, in ga inji in san abin da yake yi.

Da dattijon ya fito yana goge baki ya fara lissafa min garin da za mu je gaba, mai wani tsohon gidan sarki, sai na ji ba zan iya ba. Na ce masa, "Ka yi haƙuri, na gaji. Kuma ina da wa a gonakin nan, shi nake so in gani." Na gaya masa komai, har da tukunya biyu.

Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sannan ya ce in kira Yaya in ba shi wayar. Na ji suna magana da yarensu, muryar Yaya tana fitowa tana gudu da harshen kamar a can aka haife shi, abin ya yi min wani iri. Ban san me dattijon ya ce masa ba. Ya dai miƙo min wayar ya ce, "Shiga mota."

Da la'asar muka isa. Wani tsohon gidan gona ne a ƙarshen wata hanyar ƙasa, fentinsa ya ɓare, an shanya kaya a igiya, ga takalman roba a jere a ƙofa. Ma'aikata ne ke kwana a ciki, 'yan Senegal, 'yan Gambiya, da wasu daga Pakistan. Dattijon ya ce zai zauna a mota. Yaya ya fito daga cikin layin inabi da almakashi a hannu. Na san shi da baƙin gemu, na tarar da furfura. Ya rame, amma kafaɗunsa sun buɗe. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya gida, ya aiki, ya gajiya, ba wanda ya saki hannun wani. Da na duba sai na ga tafinsa ya rine, baƙi-baƙi ja-ja har cikin farce, kusan irin nawa da rinin fata ya ɓata.

"Inna ce ta turo ka," ya ce.

"Inji ne ya kawo ni."

"Inji ya kawo ka, Inna ta turo ka. Tambayi abin da aka ce ka tambaya."

Na ce, "Yaya, inabin nan ina ake kai shi?"

Ya nuna wani dogon gini can ƙasa da haɓarsa. "Can. Giya ake yi da shi, ba zan ɓoye maka ba. Ni tsinka nake yi. Ban taɓa matsawa ba, ban taɓa kai shi bakina ba, Allah ne shaida. Amma na san inda yake zuwa." Ya ce ya tambayi malamai, wani ya tsananta, wani ya sassauta, shi dai zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya ba. Bayan inabi akwai zaitun, bayan zaitun akwai sassabe da gyaran itatuwa, amma duk mai gona ɗaya ne, in ka ƙi masa inabi ba zai kira ka zaitun ba. "Na gaji, wallahi," ya ce. "In dawo in yi me? Gadi?"

Na zo da guntun fatan in tarar inabin ci ne, na kasuwa, in koma in wanke Yaya a wurin Inna. Fatan ya mutu a nan.

Sai ya ce in zo in ga wani abu. Muka zaga bayan gidan, inda akwai wani dandamalin siminti da rana ke duka. An baza wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe a kai, sun yamushe.

"Ka tuna kalar gyaɗa?" ya tambaye ni.

Na tuna mana. Kafin kamfanoni su cinye gonakin Challawa, in masu gona sun gama cire gyaɗarsu sun kwashe, Inna kan ɗauke mu da 'yar fartanya da ƙwarya mu bi kunya-kunya muna tono abin da ya rage a ƙasa. Ba ta taɓa shiga gonar da ba ta yi wa mai ita sallama ba, kuma ba ta yarda mu taɓa ko ƙwaya ɗaya in buhunan mai gona ba su bar wurin ba. Yaya ne mai riƙe ƙwaryar, ni ina baya ina ci.

Ya ce a nan ma in an gama tsinkar gona akan bar ƙananan nonnan inabi a can sama, waɗanda ba su nuna da wuri ba, ba mai komawa kansu. Shekararsa ta farko ya je ya sami mai gonar ya nemi izini. Baturen ya yi ta dariya, ya ce ai rabon tsuntsaye ne, ya ɗiba. Tun daga lokacin duk kaka sai ya bi layukan bayan an tashi aiki, ya tsinto, ya shanya, ya zuba a gwangwani da sunan Inna. Ba ya samun mai zuwa Kano da zai amince wa, in azumi ya zo sai shi da abokan kwanansa su yi buɗa-baki da zabibin, wata kakar ya sake tarawa.

Ya kwashe na kan simintin ya haɗa da wanda ya riga ya tara, ya cika wani gwangwanin madara ya danne murfin. "Ka ce mata wannan bai taɓa shiga kwandon mai gona ba. In ta ƙi, ka ba yara."

Muka yi sallar la'asar tare a gefen gidan, shi ya ja. Da muka fito dattijon ya yi barci a mota baki buɗe. Ni da Yaya muka tsaya muna kallonsa, muka yi dariyar da ba mu yi ba tun zuwana.

An kawo wuƙaƙen, injin ya juya lafiya, na sa hannu. Na sauka Kano da kumburarriyar ƙafa da gwangwanin madara a cikin jaka. A hanyar gida tireloli sun toshe titin Challawa kamar kullum, na zauna a adaidaita cikin hayaƙi ina jin haushin Inna da Yaya. Hali ɗaya gare su, taurin kai ɗaya, ni kuma na tsufa ina ɗan aike a tsakaninsu. Na yi tunanin in ce mata inabin ci ne, wa zai ƙaryata ni? Amma ta riga ta ce ta san halina.

Na same ta a inda na bar ta, wannan karon tumatir take yankawa za ta yi kauɗa. Bayan gaisuwa ta ce, "Ka gan shi?"

"Na gan shi, Inna. Yana gaishe ku. Ya yi furfura."

"Ba furfura na aike ka gani ba."

Na ce, "Gaskiya ne abin da aka faɗa muku. Inabin da yake tsinka giya ake yi da shi. Ba ya sha, ba ya matsawa, amma can ake kai shi. Na gani da idona."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Sannan ta ci gaba da yanka. Na ji kamar in tashi in tafi. Sai na ciro gwangwanin na ajiye a gefen tabarmar, na faɗa mata yadda aka yi aka same shi, kamar yadda ya faɗa min, ban ƙara ba ban rage ba.

"Kala ce?" ta ce.

"Kala ce."

"Ya nemi izinin mai gonar?"

"Ya nema. Sai da aka kwashe na mai gona ya shiga."

Ta goge hannu a zaninta, ta lalubo gwangwanin ta buɗe. Ta ɗebo kaɗan ta murza a tafinta, ta kai hanci. Na kawar da kai kamar ina kallon kaji. Sai na ji ƙwallon ciki ya fashe a haƙorinta. Ta tauna a hankali, ta ɓata fuska, ta tofar da wani abu a hannu.

"Da ƙasa a ciki," ta ce. "A kan me ya shanya?"

"A kan siminti."

"Ko buhu bai shimfiɗa ba? Kuma ya bar raɓa ta taɓa su, ji yadda suka yi danƙo. Mutum har da furfura bai iya shanya ba. Ni ban koya masa haka ba." Ta sake jefa wani a baki. "Kira min shi."

Na danna lambar. Ta yi ta ƙara har na fara cire rai, sannan ya ɗauka, ana jin iska a bayansa.

"Injiniya, ka sauka lafiya?"

Na sa mata wayar a hannu. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi lafiyarsa ba.

"Kai," ta ce, "haka na koya maka shanya?"

Iska na ta kaɗawa a can ɓangaren. Sannan na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakin Yaya ba tun muna yara, kuka yake yi. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu ta matsa ta a kunne, tana cewa, "To, ya isa. Ka saurara in gaya maka. Tabarma za ka samu."

Na tashi na bar musu tsakar gidan. Na zauna a dakalin zaure na cire takalmin nan, ban sake saka shi ba har yau.